Rangwamen Kanti da Jibge Kaya a Gida: Jan Hankali ga Mazauna Awali

Da zarar wata ya kai 27, ranar da ake biyan ma'aikatan gwamnatin Saudiyya albashi, sai manyan kantunan Madina su ɗau ado. Jajayen takardu a rataye ko'ina, an soke tsohon farashi an rubuta sabo da manyan baƙaƙe, waya kuma ba ta hutawa da saƙonnin garaɓasa. Hausawan da ke zaune a Awali da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, daga ɗaliban Jami'ar Musulunci masu iyali zuwa direbobi da teloli da waɗanda kakanninsu suka zo aikin Hajji suka zauna, duk sun san wannan kakar.

Ba wanda zai ga laifin mai neman sauƙi. Tun ranar 1 ga Janairun 2018 aka fara karɓar harajin kashi 5 cikin 100 a kan kayan da ake saya, a ranar 1 ga Yulin 2020 kuma aka ninka shi uku ya koma kashi 15. Ga kuɗin haya, ga na wuta, ga 'yan uwa a gida suna jiran aike. Sai dai rangwame ba ya zama riba sai ya cika sharaɗi biyu: abin da aka sayo ya kasance dama ana bukatarsa, kuma a cinye shi kafin ya lalace. Idan ɗaya ya faɗi, mai kanti ne ya ci riba da kai.

Yadda dabarar take

Takardar rangwame tsohuwar hikimar 'yan kasuwa ce. A 1887 kamfanin Coca-Cola a Amurka ya fara raba 'yan takardun da ake kaiwa a karɓi kofi ɗaya kyauta, don mutane su ɗanɗana su saba su dawo da kuɗinsu. Abin ya bunƙasa a can har a 2010 tashar TLC ta fara wani shiri mai suna Extreme Couponing, inda ake nuna mutanen da suka cika ɗakuna da garejin mota da man goge baki da sabulu da abincin gwangwani, fiye da abin da gidansu zai iya ƙararwa.

A Madina ba a cika yanko takarda daga jarida ba, amma manufar ɗaya ce. Akwai takardar garaɓasar mako-mako ta kantuna irin su Panda da Othaim da Bin Dawood, akwai katin tara maki kamar Iktissab na Othaim da Qitaf na kamfanin stc, akwai lambar rangwame da ake sakawa a manhajar sayayya ta waya, ga kuma "sayi biyu a ba ka ɗaya". Duk halal ne, kuma mai lissafi yana amfana da su. Matsalar ita ce da yawanmu ba ma yin lissafin.

A ce an turo maka lambar da za ta rage riyal 20 idan sayayyarka ta kai riyal 200, alhali cefanen da ya kawo ka na riyal 140 ne. Sai ka ƙaro biskit da lemon kwalba da cakulan na riyal 60 don ka cika. A wurin biya ka ba da 180, ka fito kana murnar an rage maka 20, alhali riyal 40 ka ƙara a kan abin da ka yi niyya. Haka "na biyu a rabin kuɗi" ke ruɗar ido: rangwamen kashi 25 ne kawai a kan duka biyun. "Sayi biyu a ba ka ɗaya" kuwa sulusi ne, shi ma sai in har an yi amfani da na ukun.

Babban buhu ma ba kullum ya fi sauƙi ba. A ce shinkafa mai kilo 10 riyal 70 ce, mai kilo 5 kuma riyal 33. Kilon babban ya kama riyal 7, na ƙaramin riyal 6 da halala 60. Raba farashi da nauyi a wayarka ba zai ɗauke ka minti ɗaya ba.

Zafin Madina ba ya raga wa ajiya

Da bazara zafi a Madina yana haura digiri 40 kusan kullum, kuma ɗakin ajiya ko saman kabad ɗin kicin ba inda sanyin na'ura ke kaiwa ba ne. Uwargidan da ta buɗe buhun fulawa na uku bayan watanni ta san abin da take tararwa: ƙananan baƙaƙen ƙwari suna yawo, garin ya dunƙule, da wani wari-wari da ko an tankaɗe ba ya fita. Man girki yana canza ɗanɗano, gyaɗa tana yin ɗaci, kayan yaji suna rasa ƙamshi. Firiza kuma idan aka danƙare ta da kaji katan biyu, na ƙasa ba a sake ganinsu sai ranar wanki, sun bushe sun yi fari-fari.

A kula kuma, wani lokaci ana karya farashin madara da yogot da cuku ne saboda wa'adinsu ya kusa ƙarewa. Ba laifi ba ne a saya in za a sha a cikin kwanakin da suka rage. Amma kwali shida ga gida mai mutum huɗu, rabi kwandon shara zai tafi. Araha ba ta ado.

Abin ya fi ƙamari a ƙarshen Sha'aban. Keken sayayya cike da Vimto da Tang da Quaker na shorba da fallen sambusa, kamar za a rufe kantunan har Sallah. Ba a rufewa. Ko a lokacin annobar korona, da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Makka da Madina ranar 2 ga Afrilun 2020, an bar mutane su fita sayen abinci da magani a cikin unguwanninsu daga ƙarfe 6 na safe zuwa 3 na rana.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Binciken da hukumar hatsi ta Saudiyya ta fitar a 2019 ya nuna kimanin kashi 33 cikin 100 na abincin ƙasar yana salwanta ko a zubar da shi, wato kilo 184 ga kowane mutum a shekara, abin da ya kai kusan riyal biliyan 40. Wani ɓangare na wannan daga kicin ɗinmu yake fita.

Tanadi daban, haɗama daban

Kada a fahimci cewa ajiye abinci aibi ne. Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda daga amfanin gonakin dabinon Banu Nadir, gonakin da suke a wannan yanki na kudu maso gabashin Madina, inda har yau Awali ta yi suna da dabinon ajwa. Manomin ƙasar Hausa ma haka yake yi: yana zuba gero a rumbu a zangarniyarsa don ya daɗe, ya san dami nawa gidansa ke ci kafin kaka ta zagayo, ba ya kuma sa tumatir a rumbu. Tanadi na gaskiya yana da ma'auni, kuma abin da ke jure ajiya ake ajiyewa.

Abin da shari'a ta yi tir da shi iri biyu ne: almubazzaranci, da ɓoye kayan masarufi don farashi ya tashi. Na biyun ne ya sa a Fabrairun 2024 hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Magidanci ba ɗan kasuwa ba ne, amma wanda ya kwashe duk man da aka yi wa rangwame a kan kanta ya hana maƙwabcinsa mai ƙaramin ƙarfi samun galan ɗaya.

Tarko biyu da haƙƙinka

Tarko na farko bashi ne. Manhajojin biya kashi-kashi irin su Tabby da Tamara sun sa sayayya ta yi sauƙi, amma wanda ya ci abincin wannan wata da kuɗin wata mai zuwa ya riga ya gutsure albashin da bai shigo ba. Na biyu 'yan damfara ne. Suna turo saƙo a WhatsApp da tambarin sanannen kanti, wai ka ci kyautar katin sayayya na ɗaruruwan riyal, sai ka shigar da lambar katin bankinka na mada da lambar sirrin da banki ya turo. Babu kantin kirki da ke neman wannan lambar. Kada a ba kowa, kada kuma a tura saƙon zaurukan 'yan uwa.

Doka tana gefen mai saye. Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta wa kanti ya samu lasisi kafin ya shelanta rangwame, ya kuma nuna farashin da da na yanzu. Duba rasit tun kafin ka bar wurin biya. Idan abin da aka caje ka ya saɓa wa na kan kanta, yi magana nan take. In ba a gyara ba, akwai lambar 1900 da manhajar Balagh Tijari. Abincin da wa'adinsa ya ƙare kuwa ana kai ƙararsa ga hukumar abinci da magunguna a lambar 19999.

Abin yi

Maigida da uwargida su zauna tare su rubuta abin da gidan ke ci a wata, su leƙa ɗakin ajiya kafin a fita, a tafi kanti da takarda a hannu, kuma ba da yunwa ba. Shinkafa da sukari da sabulu da omo, ana iya sayen na wata ɗaya ko biyu idan farashi ya sauka da gaske. Madara da burodi da kayan miya, na 'yan kwanaki. Sabon kaya a sa shi baya, tsoho a jawo shi gaba. Idan buhu ya fi ƙarfin gida ɗaya, maƙwabta biyu ko ɗalibai uku su haɗa kuɗi su raba. Wanda kuma ya riga ya tara fiye da bukata, ya fitar tun kayan suna da kyau, ya miƙa wa mabukata na kusa ko ƙungiyoyin tattara rarar abinci irin su Ita'am. Sadakar da aka yi kafin abu ya lalace lada ce, bayan ya lalace kuwa ɗora wa wani shara ne.