Dusashewar Sauti a Matsayin Ado: Dabarun Kiɗan Lofai da Gadon Kaset a Ƙasar Kano

Kalmar lofai ta samo asali ne daga Ingilishi, tana nufin ɗaukar sauti wadda ba ta fito tangaram ba. A da aibi ce. Yanzu kuwa ta zama sunan wani salon kiɗa mai sanyi, wanda bugunsa kan tsaya tsakanin 70 zuwa 90 a minti guda, kuma ana danganta tushensa da ayyukan J Dilla na Amurka da Nujabes na Japan. Abin lura ga mai nazarin Hausa shi ne, amon da masu wannan salo suke wahalar ƙirƙira da kwamfuta, shi ne wanda kunnen Bahaushe ya tashi da shi a zamanin kaset.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963. Zarensa yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma wannan jinkiri da ƙanƙantar zaren su suke haifar da “shuu” ɗin da ake ji a bayan waƙa. Idan injin rediyo bai juya daidai ba, ko batir ya yi sanyi, sai amo ya riƙa rawa yana hawa da sauka. Idan aka kwafi kaset daga kaset, siraran sautuka su suke fara zubewa. Brian Larkin ya yi bayanin wannan a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nazarci harkar kwafi a kasuwar Ƙofar Wambai. Kaset ɗin Mamman Shata da ya ratsa hannun masu kwafi, ya sha rana da ƙura a motar haya kan hanyar Kano zuwa Jos, kafin ya isa Tudun Wada ko Doguwa ya riga ya sauya murya.

Waɗannan lahani su mai haɗa lofai yake sakawa da gangan. Yakan sa matatar sauti ta datse saman amo. Kunnen ɗan Adam yana iya jin kaɗawa har 20,000 a daƙiƙa, sai a yanke kaso mai yawa na sama domin kiɗa ya yi kamar daga ɗaki na kusa yake fitowa. Yakan kuma rage ƙwayoyin bayanan sauti. Faifan sidi yana ɗaukar samfur 44,100 a daƙiƙa bisa bit 16, alhali na'urar SP-1200 ta 1987 tana ɗaukar 26,040 ne bisa bit 12. Wannan ƙaranci shi ya ba gangunanta kaushin da ake kwaikwaya har yau. Daga nan sai a shimfiɗa ƙaraf-ƙaraf na faifan garmaho ko amon ruwan sama a ƙasa, a jinkirta bugun ganga kaɗan don kada ya zo daidai kamar na inji.

Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗora dabarun nan a kan waƙar Hausa. Mafi yawan lofai na ƙasashen waje ba shi da kalmomi, fiyano ne da ganga, don haka babu ma'anar da za ta salwanta. Waƙar Hausa kuwa magana ce kafin komai. Ƙarfin baƙaƙe irin su /s/ da /sh/ da /ts/ yana can saman amo, wato daidai inda matata take datsewa. Idan aka matsa ta, “sara” da “tsara” sai su kusanci juna a kunne. Rawar amo ma tana da nata haɗari. Karin sautin murya yakan jure mata idan ba ta yi yawa ba, domin tazarar sama da ƙasa tana da faɗi. Kalangu ne ya fi cutuwa, tunda maganarsa gaba ɗaya a matsa tsarkiya da sakinta take, kuma rawar da aka ƙara ta roba tana iya shiga cikin lanƙwasar da makaɗi ya yi da niyya. Kuntigi irin na Ɗanmaraya Jos, mai tsirkiya ɗaya da amo siriri, idan aka datse samansa kusan babu abin da zai rage. Saboda haka ya fi dacewa a dusashe kayan rakiya, a bar murya da kalangu a sarari.

Akwai kuma batun wanda yake cin moriyar dusashewar. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗan ogan ɗinsa a 1978, aka yaɗa shi a kaset, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga masu saurare a Turai da Amurka, waɗanda tsufan amon yana cikin abin da ya ja su. Shi makaɗin bai zaɓi wannan amo don ado ba. Kayan da ya samu ke nan. Ya kamata mai taskace tsofaffin kaset-kaset na Hausa ya rarrabe tsakanin abin da mawaƙi ya nufa da abin da zare ya ƙara, ya adana kwafin asali ba tare da gyara ba, kafin a miƙa wa mai sutudiyo wani kwafin ya yi gwajinsa.