Hawan Duwatsun Shere da Karnuka a Farkon Kaka: Bayani ga Jama'a

Duwatsun Shere suna gabas da birnin Jos, tazarar kimanin kilomita 10, kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, wato nan ne wuri mafi tudu a Jihar Filato. Daga ƙarshen watan Satumba zuwa Oktoba, lokacin da damina ke ja da baya, masu yawon buɗe ido da ɗalibai da mafarauta sukan yawaita hawa, wasunsu tare da karnuka. Wannan bayani ya shafi masu hawan, da mazauna ƙauyukan gindin dutse, da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi.

Yanayin dutse a wannan lokaci

Ko da yake ruwa ya ragu, bai ɗauke gaba ɗaya ba. Ruwan ƙarshen damina yakan zo da iska da tsawa, galibi da yamma, don haka ya kamata a fara hawa da sassafe, a sauko kafin la'asar. Falalen dutse yakan yi santsi saboda raɓa da gansakuka. Karen da ke fizgar igiya a irin wannan wuri yana iya kayar da mai shi, saboda haka a riƙe igiyar a hannu, kada a ɗaura ta a ƙugu. A tanadi ruwan sha na mutum da na kare.

Gonaki da dabbobi

Hanyoyin hawa suna ratsa gonaki da wuraren kiwo, kuma a wannan lokaci amfanin gona irin su acca da masara ya nuna ko yana dab da nuna. Karen da aka saki yakan tattake shuka, ya kori awaki, ko ya firgita shanu, kuma daga nan ne husuma kan tashi tsakanin baƙo da mai gona ko makiyayi. Maganin wannan shi ne kare ya kasance ɗaure tun daga gindin dutse har a dawo. Haka kuma ya dace baƙi su fara gai da mai unguwa, su nemi ɗan jagora daga cikin mutanen gari.

Macizai da kaska

Ciyawa takan yi tsawo a ƙarshen damina, macizai kuma sukan fake a cikinta da ƙarƙashin duwatsu. Kare mai cusa hanci a rami shi ne kan fara gamuwa da su. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibiti. Bayan an sauko, a duba kunnuwan kare da tsakanin yatsunsa, a cire kaska.

Ciwon haukan kare

Wannan shi ne haɗari mafi girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kuma kusan dukkansu daga kare suke ɗauka. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Ana yi wa kare allurar rigakafi daga wata 3 da haihuwa, a riƙa maimaitawa bisa umarnin likitan dabbobi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ta fara aiki a can a 1924, tana haɗa wannan allura. Kada a hau dutse da karen da ba a yi masa ba.

Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, sai a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, sannan a je asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. A tsare karen kwana 10 ana lura da shi, a kuma sanar da malamin dabbobi.

Kira ga shugabanni

Ana ilimantar da jama'a kan wannan cuta a duk duniya ranar 28 ga Satumba. Dama ce ga dagatai da jami'an lafiyar dabbobi su shirya rigakafi a unguwanninsu, domin masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa a tsakaninsu. Rigakafi ya fi magani.