Kanwa, tozali da dalma: Abin da jadawalin sinadarai ya tona a Magama

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magama, wato mashigar nan ta ƙaramar hukumar Jibiya inda matafiyi ke sallama da Nijeriya ya doshi Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar. Wuri ne da ya sha rufi da buɗi a 'yan shekarun nan. An garƙame shi a watan Agustan 2019 tare da sauran iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, sannan aka buɗe a Maris na 2024. Masana tattalin arziki sun yi ta lissafin asarar da fatake suka tafka, ni kuwa ba fagena ba ne. Malamin harshe ne ni, abin da ke jan hankalina a Magama shi ne sunaye. Jami'in da ake kira kwastan a wannan ɓangare, da zarar an tsallaka sai ya koma duwan. Jama'a ɗaya, harshe ɗaya, amma kowa da bakin Baturen da ya ara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wata 'yar manhaja ce ta wayar hannu, mai ɗauke da jadawalin sinadarai. Ga wanda ya daɗe da barin aji, jadawalin nan shi ne jerin sinadaran asali guda 118, waɗanda daga gare su ne aka haɗa duk wani abu da ido ke gani ko hannu ke taɓawa. Wani masani ɗan Rasha mai suna Dimitiri Mendeleyef ne ya tsara shi a 1869, lokacin da sinadaran da aka sani ba su wuce sittin da 'yan kai ba, har ya bar gurabe ya ce za a gano masu cike su, aka kuwa gano. Ba a kammala sahu na bakwai da sunayensa ba sai a 2016. A cikin wayar, kowane sinadari yana da ɗakinsa. In ka taɓa ɗaki sai ya buɗe maka alamar sinadarin, da lambarsa, da nauyinsa, da zafin da yake narkewa, da shekarar da aka gano shi. Nan take mutum zai fahimci dalilin da ya sa masu zubin tukwane ke narkar da sanholo da gawayi da zuga-zugi, domin digiri 660 ya ishe shi, alhali ƙarfe sai an kai 1,538. Wadda ke cikin wayata ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen Jibiya, waɗanda suna cikin ƙananan hukumomi 13 na Katsina da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga.

Sai dai Turanci take ji da Faransanci, ba ta jin Hausa. Wata rana muna jiran a gama duba takardun motarmu a Magama, na miƙa wayar ga wasu samari biyu da muke tafe tare, ɗaya ɗan sakandare daga Katsina, ɗaya ɗan lise daga Maraɗi. Na taɓa ɗaki mai lamba 82, mai alamar Pb, na ce, “Samari, wane ne wannan?” Ɗan Maraɗi ya amsa ba tare da jinkiri ba, ya ce “plomb” ne, ai ga haruffan nan a cikin sunan. Ɗan Katsina ya ce “lead” ne, ya ƙara da cewa, “Baba, mu haddacewa kawai muke yi, don babu P babu b a sunan da aka koya mana.” Da na tambaye su sunansa da Hausa, sai suka dubi juna. Na karanta musu siffofinsa ina fassarawa: mai taushi, mai nauyi, yana narkewa a digiri 327, da shi ake yin batirin mota. Direbanmu, wani dattijo da bai ce uffan ba tun da muka fara, ya waiwayo ya ce, “Malam, ai dalma ce kuke ta yi wa dogon Turanci.”

Ga yara biyu masu ilimin abu ba su san sunansa ba, ga dattijo mai sunan abu ba shi da iliminsa. Alamar da ta haɗa su kuwa daga Latin take, domin wani masani ɗan Suwidin, Barziliyas, shi ne ya kawo tsarin rubuta sinadarai da haruffan sunayensu na Latin wajen 1813. Shi ya sa ɗan makarantar Faransanci ya fi samun sauƙi a kan Fe da Cu da Ag, tunda harshen da ake koya masa jikan Latin ne. Alamar ba ta neman fasfo a Magama, sunayen ne ke maƙalewa a kan iyaka.

Kada mai karatu ya ɗauka Hausa matalauciya ce a wannan fanni. Muna da zinariya, wadda asalinta dinarin Larabawa ne. Muna da azurfa, wadda muka karɓo daga Buzaye. Muna da zaiba da farar wuta da kuza da jan ƙarfe. Matsalar ita ce kalmomin kasuwa ne da maƙera, ba a taɓa zama an yi musu iyaka ba. Ƙarfe yana nufin Fe, yana nufin kowane irin ƙarfe, yana kuma nufin lokacin agogo. Tagulla takan zama jan ƙarfe tsantsa, takan zama gaurayensa. Wannan duk mai sauƙi ne. Inda abin ya zama na rai da lafiya shi ne inda fassara ta ɗora wa abu sunan da ba nasa ba, aka yi ta gadon kuskuren har ya zama gaskiya.

Mu ɗauki kanwa, wadda ayarin fatake ke gangarowa da ita daga arewa da yankin Tafkin Chadi tun kafin a san za a shata wata iyaka. Tambayi kowane ɗan boko a Nijeriya sunanta da Turanci, zai ce maka “potash”. Kalmar nan ma'anarta tokar tukunya, daga gare ta kuma aka samo sunan fotasiyam, mai lamba 19. To amma kanwa ba fotasiyam ba ce. Mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, mai lamba 11, haɗe da kabon da iskar oksijin. Manhajar da kanta tana ba da shaida, domin alamar sodiyam ita ce Na, daga “natrium”, daga “natrun” na Larabci, wanda shi ne ainihin sunan kanwa tun zamanin Misirawan dauri. Alamar fotasiyam kuwa K ce, daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai. Ashe abin da ya cancanci sunan “potash” a gidan Bahaushe shi ne ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa don miya da sabulu. Sinadaran biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, suna jere a rukuni na farko na jadawalin, Bature ɗaya ne ma, Hamfiri Debi, ya ware su a 1807, amma aikinsu a jikin mutum ya sha bamban. Mai hawan jini da likita ya ce ya rage gishiri, sodiyam ake nufi ya rage. Sai ya koma gida a daina sa masa gishiri, a ci gaba da jefa kanwa a wake da miyar kuka, shi da iyalinsa suna ganin sun bi doka.

Maganar ta fi tsanani ga masu jego. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun wallafa bincikensu a kan mata 224 da suka kamu da ciwon zuciya na bayan haihuwa a Zariya, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Adalci shi ne a faɗa cewa binciken da ya biyo baya bai bar laifin a kan kanwa ita kaɗai ba. Wanda aka yi a Yamai a 1992 da wanda aka yi a Kano a 2015 sun nuna ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam, mai lamba 34, a jinin masu wannan ciwo. Ko ta wane gefe aka duba, muhawarar likitoci a kan ɗakunan jadawalin nan take gudana, matan da abin ya shafa kuwa babu wanda ya ba su sunayen da za su bi zancen da su.

Na tozali ya fi ba ni tsoro. An saba fassara tozali ko kwalli da antimoni, mai lamba 51, mai alamar Sb daga sunan Latin na dutsen da mutanen da ke shafa wa ido. Amma dutsen nan mai ƙyalli da ake daka wa jarirai a ƙasar Hausa sau da yawa ba antimoni ba ne, haɗin dalma ne da farar wuta, wanda in tsantsarsa ne dalma ta kai kashi 86 cikin ɗari na nauyinsa. Duwatsun biyu sun yi kama a ido, ba su yi kama a jini ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, ɗan asalin Nijeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka bi sawu sai aka tarar daga tozalin da aka kai masa daga gida ne, aka auna aka samu dalma kashi 82.6 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana shan ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke sha. Illar tana sauka a ƙwaƙwalwa, ba ta kuma warkewa. Yaron ba ya ciwon ido, hasali ma idon ya yi kyau. Sai ya shiga aji a ce ba ya ganewa.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2010 ne kalmar gubar dalma ta cika gidajen rediyo, sa'ilin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Masu haƙar zinariya suna kai duwatsu gida ana niƙawa a tsakar gida, yara na wasa cikin ƙurar. Babu wanda ya ga dalma a wurin, domin a hankalin Bahaushe dalma ita ce ƙarfen nan mai taushi na masu liƙin kwano. Cewa tana iya ɓuya a cikin dutse ko hoda ba tare da ta daina zama dalma ba, wannan shi ne darasin farko na jadawalin sinadarai, kuma shi ne darasin da ba mu taɓa faɗa wa jama'a da harshensu ba. A 2015 aka sake irin wannan rashi a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba ina cewa waya za ta maye gurbin ɗakin gwaji ba. Manhajar tana bayanin sinadari ne shi kaɗai a tsantsarsa, ba ta iya gaya maka abin da ke cikin ƙullin da ka sayo a kasuwa. Za ta ce maka sodiyam yana kamawa da wuta in ya taɓa ruwa, kulorin kuma iska ce mai guba, alhali haɗuwarsu ce gishirin miya. Yaron da ba shi da malami zai iya ruɗewa a nan. Amma makarantunmu nawa ne ke da ɗakin gwaji mai aiki? Wayar kuwa tana aljihun yayansa.

Abin mamaki, gwamnatocin biyu sun juya wa juna baya a kan batun harshe a shekara guda. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. A Nuwamban shekarar kuma Nijeriya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa a firamare wadda aka amince da ita a 2022. Masu sukar manufar suna cewa babu littattafai, babu kalmomi. Gaskiya ne a wani ɓangare, kuma aikin namu ne mu malaman harshe. An yi irinsa a baya: a 1980 aka zauna a Yamai don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, a 1990 kuma aka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Sunaye 118 ba su fi ƙarfin Jami'ar Bayero da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ba, matuƙar za a zaunar da malamin kimiyya da malamin harshe da maƙeri a tabarma ɗaya.

Shawarata ita ce, inda Hausa ke da tsohuwar kalma a riƙe ta a tsuke mata ma'ana: dalma ta zama Pb kaɗai, kuza ta zama Sn, jan ƙarfe ya zama Cu, a bar tagulla ga gauraye. Inda babu, kada a bi Turanci ko Faransanci, a bi alamar. In ba haka ba, sinadarin N da manomin rani na madatsar Jibiya ke saye a buhun taki zai zama naitirojin a Katsina, ya zama azot a Maraɗi, mu sake haifar wani kwastan da duwan. Jamusawa “Natrium” da “Kalium” suke cewa, ɗansu ba ya haddace Na da K. Mu ma in muka ce natiriyam da kaliyam, ɗan Katsina zai ga haruffan a cikin sunan, malamar asibiti kuma za ta iya gaya wa mai jego cewa gishiri da kanwa duka natiriyam ne.