Wankan daji: abin da Japanawa suka gano a inuwar itatuwa

Ga mafi yawanmu, daji wurin kiwo ne da neman itacen girki, ko hanyar da ake ratsawa da hanzari kafin rana ta faɗi. A Japan kuwa, inda dazuzzuka suka rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, an mai da zama cikin itatuwa wani sashe na kiwon lafiya.

A shekarar 1982 hukumar gandun daji ta ƙasar ta fito da kalmar "shinrin-yoku", wato wankan daji. Babu ruwa a wannan wanka. Mutum ne zai shiga tsakanin itatuwa ya taka a hankali, ya zauna, ya saurari tsuntsaye, ya shaƙi ƙamshin ganye, ba tare da gaggawar isa ko'ina ba. A dajin Akasawa na lardin Nagano aka fara tara jama'a domin haka.

Daga baya masana suka auna amfaninsa. A 2010 Farfesa Yoshifumi Miyazaki na Jami'ar Chiba da abokan aikinsa sun bayyana sakamakon gwajin da suka yi a dazuzzuka 24 kan samari 280. An tarar bugun zuciya da ƙarfin bugawar jini sun fi sauka a daji fiye da cikin birni, haka ma sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin damuwa. Shi kuma Dokta Qing Li na Tokiyo ya kai ma'aikata daji na kwana uku, ya ga wasu ƙwayoyin jini masu kare jiki sun ƙara kuzari har fiye da mako guda bayan dawowarsu.

Sai dai a lura: galibin waɗanda aka auna masu lafiya ne. Don haka mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya ajiye maganinsa. Ya haɗa biyun, bisa shawarar likita.

Wanda ba shi kusa da babban daji fa? Wani bincike da aka yi a Ingila a 2019 kan mutum kusan 20,000 ya nuna cewa masu samun awa 2 a mako cikin tsirrai, ko da lambun cikin gari ne, sun fi ba da labarin lafiya da kwanciyar hankali, ko a zama ɗaya ko a rarrabe. Ke nan garkar mangwaro, ko jerin dogon yaro a bayan gari, ko gona mai gawo, duk wuraren farawa ne.

Ya ku iyaye, ku zaɓi wuri mai aminci, da safe ko bayan la'asar. Ku je tare da yara, kowa da takalmi saboda ƙaya da maciji, a kashe wayar salula, a rage surutu. Yaron da ya san daɗin inuwar itace, da wuya ya ɗaga masa gatari a banza. Allah Ya ƙara mana lafiya.