Ko Kun Sani? Ana Fara Binciken Ciwon Damuwa da Tambayar Ciwon Kai

Ko kun san cewa takardar tambayoyi 20 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don gano masu ciwon damuwa, wadda ake kira SRQ-20, da ciwon kai take farawa? Tambaya ta farko ita ce ko kanka yana yawan ciwo. Daga nan sai cin abinci, sai barci. Sai an yi nisa ake zuwa ga abin da ke cin mutum a zuci: ko yana ganin kansa ba shi da wani amfani, ko tunanin kashe kansa ya taɓa zo masa. Amsar kowace ɗaya i ce ko a'a, kuma wanda bai iya karatu ba ana karanta masa da baki.

Akwai hikima a wannan jeri. Matar da ta taso daga ƙauye zuwa asibitin Dakoro da wuya ta ce wa malamin asibiti zuciyarta ta karaya. Kunya da haƙuri ba za su bar ta ba. Abin da za ta ce shi ne kai na sara, jiki ya mutu, barci ya ƙaurace.

Shi kuwa likitan Amurka Aaron Beck, wanda ya fitar da tasa takardar mai tambayoyi 21 a 1961, ya lura cewa mai wannan ciwo kan munana zato ga abu uku: kansa, duniyar da yake ciki, da gobensa. Takarda dai manuniya ce kawai, likita ne ke tabbatar da ciwon.