Ko ka san kwanciyar mako uku ta fi shekara 30 raunana zuciya?

Zuciya tana iya ɓoye ciwonta muddin mutum yana zaune. Shi ya sa likitan zuciya yake manna maka wayoyi a ƙirji, ya ɗaura maka awon jini a dantse, ya ɗora ka kan injin gudu, kamar yadda bakanike ba ya yarda da lafiyar mota sai ya hau tudu da ita. Tsarin da aka fi bi na Robert Bruce ne, likita a Seattle ta Amurka, wanda ya fitar da shi a 1963: duk bayan minti uku injin ya ƙara sauri, ya ƙara tudu, har haki ya ci ƙarfinka ko likita ya ga abin da yake nema. Ana kintatar iyakar bugun zuciya da cire shekarunka daga 220, wato ɗan 60 iyakarsa kusan 160 ke nan a minti.

Kakan injin nan ma a kurkukun Ingila ya fito a 1818, fursunoni ake azabtarwa da taka shi. Yau kuɗi ake biya a hau.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ya faru ne a Dallas a 1966. Masu bincike sun samu samari biyar 'yan shekara 20, lafiyarsu lau, suka auna yawan iskar oksijin da jikinsu ke iya sha in sun kai maƙurar wahala. Sai suka kwantar da su a gado mako uku cur, ba tashi. Da aka sake awo, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ya tafi. Aka sa su atisaye na mako takwas, ya dawo har da ƙari.

A 1996 aka nemo mutanen nan biyar, sun kai 50, sun yi teɓa. Aka sake gwada su. Ashe abin da shekara 30 suka rage musu bai kai abin da gadon nan ya cinye ba! Wata shida na motsa jiki kuma suka mayar da su inda suke kafin kwanciyar samartaka.

A da, wanda zuciyarsa ta buga makonni yake yi a kwance bisa umarnin likita. Binciken nan yana cikin abin da ya sa aka daina, ake tayar da majiyyaci da wuri. Mu dai har gobe da zarar Baba ya yi ɗan haki sai a ce, "Baba, a kwanta a huta," a karɓe masa har buta. Ƙauna ce, amma ina ganin ta kan yi yawa, in dai ba likita ne ya hana shi motsi ba.

Tsufa dai bai haƙura ba. Da aka sake auna su a 2006 suna 'yan 60, raguwar ta kamo ta gadon. Sai da ya yi shekara 40 kafin ya yi ɓarnar da gado ya yi a mako uku.