Maganar Lafiya a Fodkas da Wajabcin Faɗar Madogara

Fodkas shiri ne na magana da ake ɗauka a ɗora a intanet, mai sauraro ya sauke shi lokacin da ya ga dama. A gari irin Yashe, inda hanyar Malumfashi da Funtuwa ta haɗu da titin Kano zuwa Katsina, ba kasafai irin wannan shiri yake isowa cikakke ba. Guntunsa ne ke zuwa, minti biyu ko uku, ta WhatsApp ko TikTok, ko a tura shi daga waya zuwa waya a shagon caji da teburin mai shayi. Kafin ya kai ƙauyukan Kusada da Kankiya, sunan mai maganar da ranar da ya yi ta duk sun ɓace, sai murya kawai mai cike da tabbaci tana cewa allura kaza na hana haihuwa, ko jiƙo kaza na warkar da ciwon suga.

Kunnen jama'a ya saba da irin wannan murya tun daga lasifikar mai tallar magani a tasha. Bambancin shi ne mai lasifika ana ganin fuskarsa, gidan rediyo kuma yana da edita da dokokin hukumar kula da kafafen yaɗa shirye-shirye ta ƙasa, NBC, a kansa. Mai fodkas waya da makirufo kaɗai yake buƙata, kuma maganar da ta fi tayar da hankali ita ta fi tara masu sauraro.

Arewacin Nijeriya ya riga ya ɗanɗana kuɗar maganar lafiya marar madogara. A 2003 aka yaɗa cewa an gauraya rigakafin shan inna da sinadarin hana haihuwa, har jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da shi. Shakkun ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, lamarin da ya kai ga shari'a da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. To amma abin da ya faru da Trovan bai zama hujja a kan ɗigon shan inna ba, domin kowace da'awa tana buƙatar shaidarta. Kano ba ta koma rigakafi ba sai a Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an samo maganin daga Indonesiya. Sakamakon dakatarwar, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, adadin waɗanda suka kamu a Nijeriya kuma ya tashi daga 202 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006. Sai da sarakunan gargajiya ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka shiga aikin wayar da kai, aka yi shekaru ana bi gida-gida, kafin a tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Afirka a Agustan 2020. A Agustan 2014 ma, lokacin Ebola, saƙon a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi ya zagaye ƙasar cikin dare ɗaya, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu.

A ƙasashen waje muhawara kan maganar lafiya a fodkas ta fito fili a Janairun 2022, lokacin da likitoci da masana 270 suka rubuta wa kamfanin Spotify buɗaɗɗiyar wasiƙa kan maganganun rigakafin korona da aka yi a shirin Joe Rogan na Amurka. Masu kare shirin sun ce hira ce kawai, kowa na da ikon tambaya. Masu suka sun ce tambaya daban, yanke hukunci a gaban miliyoyin mutane ba tare da shaida ba daban. Zaunar da mutum biyu a ba kowa minti goma ba ya daidaita hujjojinsu, domin ƙarya a numfashi ɗaya ake faɗarta, warware ta kuwa yakan ci awa guda. Mai iya baki yakan rinjayi mai ilimi idan babu wanda ya ce a kawo takarda.

Al'ummar Hausawa tana da ma'aunin wannan tun a makarantar zaure. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, amintacce ne, mai kiyayewa ne? Maganar da ta shafi jinin yaro da cikin mace ta cancanci irin wannan tankaɗe da rairaya. Idan baƙon shiri ya ce bincike ya nuna, wajibi ne mai gabatarwa ya tambaye shi wane bincike, su wa suka yi shi, a wace shekara, a kan mutum nawa, kuma ko wasu sun maimaita sun sami sakamako iri ɗaya. Ambaton mujalla kaɗai ma ba ya wadatarwa. Takardar Andrew Wakefield da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da galahanga ta fito a mujallar Lancet a 1998, a kan yara 12 kacal, aka janye ta a 2010, amma har yau ana kafa hujja da ita.

Akwai hanyoyin tantancewa da ke kusa da hannu. Wanda ya kira kansa likita yana da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ko ba shi da ita. Maganin da ake talla yana ɗauke da lambar NAFDAC ko ba ya ɗauke da ita, kuma lambar da ake bai wa maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba amincinsa, ba tabbacin yana warkar da duk abin da ake lissafawa ba. Alƙaluman annoba irin su mashaƙo, wanda ya addabi Kano da Katsina a 2023, hukumar NCDC ce ke fitar da su. Baƙon da ke sukar maganin asibiti alhali yana sayar da nasa, ya kamata a sanar da masu sauraro hakan tun farkon hira.

Nauyin mai shiri shi ne ya faɗi madogara da baki a cikin shirin, tunda guntun sauti ba ya tafiya da rubutun da ke ƙarƙashinsa, kuma idan ya yi kuskure ya gyara a shiri na gaba da irin ƙarfin muryar da ya yi kuskuren. Nauyin mai sauraro shi ne ya riƙe saƙo kafin ya tura, ya kai tambayarsa ga ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko babban asibitin Kankiya. Ma'aikatan lafiya kuma, har da ɗaliban makarantar fasahar kiwon lafiya ta Kankiya, suna da nasu rabon: su amsa tambayar uwa mai shakku cikin Hausa mai sauƙi ba tare da tsawa ba, su gaya mata daga ina suka san abin da suke faɗa.